Abin da Haƙori Ke Tunawa

Makon da muka gama jarrabawa ciwon haƙori ya kai ni asibiti. Likita ya kankare min wani daskararren datti a gindin haƙora, kunya kamar in nutse. Daga baya ne na gano cewa irin wannan dattin, a wurin masu binciken kayan tarihi, dukiya ce.

Dalili kuwa shi ne, farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi komai tauri a jikin mutum, har ƙashi, shi ya sa yake daɗewa a cikin ƙasa. Kuma tun ana yaro yake ginuwa, ba ya sake sabuntawa. Idan yaro ya sha yunwa ko doguwar jinya, sai ginin ya tsaya na ɗan lokaci, ya bar layi a jikin haƙorin har abada. Sinadaran ruwan da ya sha ma suna shiga ciki. Da su aka gano cewa wani mutum da aka tono a 2002 kusa da Stonehenge a Ingila, wanda aka binne shekara fiye da 4,000 da suka wuce, a yankin tsaunukan Alps ya girma. Wato baƙo ne.

Amma labarin da ya tsaya min a rai na wata mata ce a Dalheim, ƙasar Jamus. Ta rayu kimanin shekara 900 zuwa 1,000 da suka wuce a wani ƙaramin gidan ibada na mata Kiristoci. Babu wanda ya san sunanta, gidan ma gobara ta cinye shi, ko littafi ɗaya bai tsira ba. Da masana suka duba dattin haƙoranta a na'ura, sai ga ƙwayoyi shuɗɗa fiye da 100. Garin dutsen lapis lazuli ne, wanda a zamanin daga Afganistan ake haƙo shi, tsadarsa kuma tana gogayya da zinariya.

To, me ya kai shi bakinta? A sakamakon da suka fitar a 2019, masanan sun fi karkata ga cewa mai zayyanar littattafai ce, tana lasar bakin buroshinta don ya yi tsini. Ba kuwa kowa ake danƙa wa launi mai wannan tsada ba, sai gwani. Ga shi an daɗe ana ɗaukar aikin a matsayin na maza, don mafi yawan masu yinsa ba sa rubuta sunansu.

'Yan'uwa ɗalibai, tarihin da ke takarda yawanci na sarakuna ne da mayaƙa. Talaka da mace da baƙo, sau da yawa haƙoransu kaɗai suka rage su ba da shaida. Amma kar wani ya fake da wannan ya daina asuwaki, ni na ɗanɗana kuɗata.