Zaren roba mai jin taɓi: ƙoƙarin mayar wa likitan tiyata da yatsunsa

Jama'a, tiyata a yau ba sai an tsaga ciki gaba ɗaya ba. A manyan asibitocin koyarwa na Legas da Badun, akwai aikin da likita zai huda ƙananan ramuka uku ko huɗu, ya zura kyamara da dogayen ƙarafa, ya gama aikinsa yana kallon allo. Ciwon yana saurin warkewa, mutum ya koma kasuwa da wuri. Amma akwai abin da likitan ya rasa, wato jin taɓi.

Ni ɗan kara ne, na san darajar hannu. Mahaifina ba ya yanke wa sa kuɗi da ido kaɗai, sai ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya, ya ji nama da kitse. To haka likita yake bambance ƙari mai tauri da lafiyayyen nama. Idan doguwar sandar ƙarfe ta shiga tsakaninsa da hanjin mara lafiya, zai iya matsawa fiye da kima bai sani ba. Matsalar da masu bincike ke son magancewa da wani irin zaren roba ke nan.

Sirrin zaren shi ne abin da zan kira lantarkin matsi. Akwai abubuwan da in ka matsa su ko ka lanƙwasa su, sai su fitar da 'yar wutar lantarki. In kuma ka ba su wuta, sai su motsa. Laitar nan da ake dannawa ta yi ƙas ta tartsatsa, da shi take aiki, haka ma na'urar hoton ciki da ake duba masu juna biyu. Wasu 'yan uwa biyu Faransawa, Jak Kuri da Piyar Kuri, su suka gano shi a 1880. A 1957 kuma Fukada da Yasuda na Japan suka nuna cewa ƙashi ma yana yi, kuma ƙashin cinyar mutum da na sa suka gwada.

Yawancin na'urorin yanzu wani tangaran mai tauri ne a cikinsu. Yana karyewa, ga dalma a ciki, kuma duk wanda ya tuna gubar Zamfara ta 2010 ya san ba abin ajiyewa a jiki ba ce. A 1969 wani Bajapane mai suna Kawai (sunansa ke nan, ba kawai ɗinmu na Hausa ba) ya gano cewa robar PVDF, in aka ja ta aka ratsa ta da wuta mai ƙarfi, ita ma tana yi. Roba kuwa tana lanƙwasa, ana iya janta siririya kamar gashi.

Me za a yi da ita? Na farko, a sa ta a bakin hantsakin tiyata ko kan siririn bututun da ake zurawa cikin jijiyar jini. Da ya taɓa nama, zaren ya aika saƙo, allo ya nuna wa likita ƙarfin matsin. Na biyu, sauraro. A 2022 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun saƙa zare ɗaya irin wannan cikin riga, rigar ta ɗauko bugun zuciyar wanda ya sa ta. Na uku, wata robar mai suna PLLA, wadda ake samu daga sitacin masara, tana narkewa a jiki da kanta, ba sai an sake buɗe mutum an cire ba. A jami'ar Konetikat, a 2022, an dasa ta a gwiwar zomaye, tafiyarsu ta riƙa haifar da 'yar wutar da ta taimaka guringuntsi ya sake tsirowa.

Amma fa kada mu yi azarɓaɓi. Zomo ba mutum ba ne. Sannan zaren yana jin canjin matsi ne, in aka danne shi aka tsaya cak sai saƙon ya dushe. Zafi ma yana raunana shi, alhali tukunyar da ake turara kayan tiyata tana kai digiri 121. Abin da ya riga ya shiga asibiti shi ne robar PVDF a matsayin zaren ɗinki da ragar da ake sa wa masu ƙaba, kuma don ƙwarinta da yadda jiki ke karɓarta ake amfani da ita, ba don lantarkin ba.

Saboda haka in wani ya zo zango ko tasha da safa ko bel, yana cewa zaren lantarki ne mai maganin sanyin ƙashi ko ciwon zuciya, ku riƙe kuɗinku. In kuma tiyata ta kama ɗan uwa, a tambayi likita ko aikin na yiwuwa ta ƙananan ramuka, nawa ne kuɗinsa, kuma sau nawa ya taɓa yin irinsa. Kafin zaren nan ya iso gare mu, ƙwarewar hannun likita ce abin dubawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.