Tiyatar Rage Ƙiba: Aikin Awa Biyu, Jinyar Shekaru

Ran 12 ga watan Janairu na shekarar 2023, Lisa Marie Presley, 'yar shahararren mawaƙin nan na Amurka Elvis Presley, ta yanke jiki ta faɗi a gidanta da ke jihar Kalifoniya. Aka garzaya da ita asibiti, amma ba ta kwana ba. Shekarunta 54. Kwana biyu kafin wannan rana an gan ta a wajen wani bikin ba da lambobin yabo na 'yan fim, tana gaisawa da jama'a. Da fari jaridu sun ce zuciyarta ce ta tsaya. Sai cikin watan Yuli ofishin binciken gawa na gundumar Los Angeles ya bayyana cewa ƙaramin hanjinta ne ya toshe, kuma abin da ya shaƙe shi wani tabo ne da ya tsiro a cikinta bayan tiyatar rage ƙiba da aka yi mata shekaru da dama a baya.

Wannan labari ya shafi mutanen ƙasar nan, domin kuwa masu hali da yawa suna tafiya Indiya da Turkiyya da Masar neman magani, har da wannan tiyata, kuma ana yin ta a waɗansu asibitocin kuɗi na Legas. Mai karatu kada ya haɗa ta da aikin zuƙe kitse, irin wanda marigayiya Stella Obasanjo ta rasu a sanadinsa a ƙasar Sifen cikin watan Oktoba na 2005. Wancan kitsen ƙarƙashin fata ake tsotsewa don gyaran sura. Wannan kuwa tumbin mutum ake yankawa, watau jakar da abinci ke sauka a ciki, a rage shi ta yadda ba zai iya cin abin da ya saba ci ba.

Yadda aka faro

Likitocin fiɗa na Jami'ar Minnesota suna cikin waɗanda suka fara gwada abin. A 1954 Dokta Arnold Kremen da abokan aikinsa suka ba da bayanin wata dabara ta tsallake mafi yawan ƙaramin hanji, don abinci ya wuce ba tare da jiki ya tsotse shi ba. Mutane sun rame ƙwarai, amma sai zawo marar tsayawa ya biyo baya, da tsakuwar ƙoda, waɗansu kuma hantarsu ta lalace suka mutu. Ala tilas aka yi watsi da dabarar. A tsakiyar shekarun 1960 Dokta Edward Mason na Jami'ar Iowa ya lura cewa waɗanda aka yanke wa sashen tumbi saboda gyambon ciki ba sa ƙara yin ƙiba, sai ya mai da hankali kan tumbin kansa.

A yau iri biyu aka fi yi. Na farko, a yanke kamar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a fitar da shi, a bar wani siriri mai kama da ayaba; likitoci suna kiransa hannun riga. Na biyu, a ware wata 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, a jawo hanji a ɗinke da ita, abinci ya riƙa zagaye sauran tumbin. Yanzu ba a cika tsaga ciki ba. 'Yan ƙananan huji ake yi, a zura kyamara da kayan aiki. Awa ɗaya zuwa biyu an gama.

Gaskiya ce tiyatar tana da amfani ga wanda ya cancanta. A ƙasar Suwidin an bi diddigin mutum fiye da 4,000 masu matsananciyar ƙiba tun daga 1987, kusan rabinsu an yi musu tiyata, sauran kuma ba a yi musu ba. A 2007 aka ba da sanarwar cewa mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka yi wa. Masu ciwon sukari da yawa sukan rage magani ko su daina tun kafin su rame sosai. A asibitin da ya ƙware, mutuwa a watan farko ba ta wuce kamar mutum ɗaya ko biyu cikin dubu ba. To, amma duk waɗannan alkaluma daga wuraren da ake ci gaba da duba majinyaci shekara da shekaru suka fito, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Makonnin farko

Abin da likita ya fi tsoro a kwanakin farko shi ne yoyo. Da ƙananan ƙusoshin ƙarfe ake dame bakin tumbin da aka yanka. In wani wuri bai kama ba, ruwan ciki ya tsiyaye cikin kogon ciki, sai ruɓa ta fara. Sau da yawa alamar farko ba ciwo ba ce, bugun zuciya ne zai haura 120 a minti ɗaya ya ƙi sauka, sa'an nan zazzaɓi, da haki, da ciwo a kafaɗar hagu. Yoyo yana iya ɓoyewa har mako guda ko fiye, lokacin da mai jinya ya riga ya bar asibiti. Na biyu shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda gudansa kan ɓalle ya tafi huhu. Shi ya sa ake tashin mutum ya taka tun ranar da aka yi masa aikin, shi ya sa kuma zaman awa bakwai cikin jirgin sama kwana huɗu bayan tiyata ganganci ne.

Daga nan sai koyon cin abinci, kamar yaron da ake yayewa. Mako biyun farko ruwa-ruwa kawai: romo tatacce, madara marar kitse, da ruwa kurɓi-kurɓi. Sa'an nan abin da aka niƙa lilis, sa'an nan mai laushi, sai wajen mako na shida zuwa na takwas a koma abinci sosai, shi ma cokali kaɗan. Ana so mutum ya sha ruwa lita ɗaya da rabi a yini, amma ba zai iya kwankwaɗa ba, kuma an hana shi sha tare da abinci sai bayan kamar rabin awa. A ƙasa mai zafi irin tamu ƙishirwar jiki ita ce ta fi saurin mai da mutum gadon asibiti.

Wanda ya tashi da tuwo ya fi kowa shan wuya a nan. Tuwo da sakwara da teba haɗiye su ake yi da miya ba tare da tauna ba, sabon tumbi kuwa ba ya karɓar loma sai an tauna ta ta zama kamar kunu. Loma ɗaya ta wuce ƙima, sai ƙirji ya ɗaure, yawu ya cika baki, amai ya taso. Tsire da kilishi da burodi sabon gashi sukan tsaya a hanya. Ga kuma al'ada: an zauna a kwano ɗaya, mai gida yana ta cewa a ƙara, baƙo kuwa ya cika da loma uku. In ya janye hannu a ce ya raina abincin, in ya biye wa kunya ya kwana yana kakari.

Akwai kuma wata wahala da ta fi damun waɗanda aka yi wa aikin zagaye. Idan suka sha abu mai zaƙi, kamar lemon kwalba ko fura da sukari ko kunun zaƙi, sai ya zarce hanji gaba ɗaya ba tare da wani mai tsare ƙofa ba. Cikin minti 10 zuwa 30 zufa ta karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ga jiri ga murɗawar ciki ga gudawa. Waɗansu kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jininsu ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa. Al Roker, mai karanta labarin yanayi a talabijin na Amurka, wanda aka yi wa tiyatar a 2002, ya faɗa da bakinsa cewa ba da daɗewa da yin aikin ba ya ci abin da bai kamata ba, cikinsa ya ɓaci a Fadar White House, bai kai bayan gida ba. Jama'a sun yi dariya, amma masu irin wannan jinya sun san abin ba na dariya ba ne.

Abin da ba ya nuna kansa da wuri

Tsakanin wata na uku da na shida gashi yakan zube, abin da ke tayar wa mata hankali, ko da yake yawanci yana dawowa. Saurin rama kuma yana haifar da tsakuwa a matsarmama, har waɗansu su koma a cire musu ita. Waɗannan duk da sauƙi. Wanda ya fi haɗari shi ne amai mai naci. Bitamin B1 da jiki ke ajiyewa bai wuce na mako biyu zuwa uku ba, in ya ƙare ƙwaƙwalwa ce ke taɓuwa: mutum ya rikice, ido ya riƙa rawa, tafiya ta zama tangaɗi. A gida sai a ce iska ce, a tafi neman rubutu da hayaƙi. A ƙaramin asibiti kuma mai yiwuwa a ɗaura masa ruwan sukari ba tare da an fara ba shi bitamin ɗin ba, abin da ke ƙara dagula ciwon. In an gane da wuri allura ce ke magance shi. In an makara, mantuwa da naƙasa suna iya zama har abada.

Bayan wannan, mai tiyata ya shiga shan ƙwayoyin bitamin ke nan har ƙarshen ransa. Tumbi ne ke fitar da sinadarin da ke taimaka wa jiki ya karɓi bitamin B12, kuma sashen hanjin da ake zagayewa shi ne ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da na ƙarfin ƙashi. A Ingila allurar B12 ake yi wa masu aikin zagaye duk bayan wata uku. Matsalar ita ce, a shekara ta biyu mutum ya ga ya rame, gwiwa ta daina ciwo, sai ya ce ya warke ya ajiye magani. Ƙarancin jini da mutuwar yatsu da raunin ƙashi kuwa a hankali suke shigowa, ba sa sallama.

Magungunan ciwon jiki irin su Ibuprofen da Diclofenac, waɗanda kowane kemis ke sayarwa ba takardar likita, suna iya huda wurin ɗinkin su haifar da gyambo mai zubar da jini. Haka ma taba sigari. Mace ana ba ta shawara ta dakata da ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, alhali kuwa ramar tana dawo da haihuwa ga wadda ta daɗe tana nema, don haka maganar ta shafi mai gida tun kafin a shiga ɗakin fiɗa. Likitoci da yawa kuma suna hana azumi a watannin farko, domin wanda ba zai iya cika ciki da sahur ba, ba zai jure yini ba ruwa ba.

Ƙibar ma tana iya dawowa. Diego Maradona an yi masa tiyatar a birnin Cartagena na ƙasar Kolombiya a 2005, ya fito a talabijin siriri kamar wani saurayi. Bayan shekara goma aka sake kwantar da shi a Benezuwela don wani aikin, saboda nauyin ya dawo. Ga fatar da ke rage wa mutum tana reto a ciki da damtse, ga waɗanda abinci ne abokin hirarsu lokacin baƙin ciki, yanzu an raba su da shi. Bincike a ƙasashen Turai da Amurka ya nuna shaye-shaye da cutar da kai suna ƙaruwa a tsakanin waɗansu masu aikin zagaye, shi ya sa asibitocin kirki suke haɗa majinyaci da likitan ƙwaƙwalwa.

Sai kuma irin abin da ya sami Lisa Marie Presley. Duk cikin da aka taɓa buɗewa yana iya yin tabo mai kamar yanar gizo, wanda kan naɗe hanji. Masu aikin zagaye kuma suna da wani haɗarin na daban: kitsen da ke riƙe hanji ya narke, 'yan ramuka su buɗe, hanji ya zurma ciki ya murɗe. Wannan yana iya faruwa bayan shekara biyu ko goma. Ciwon ciki mai tsanani ga mai irin wannan tiyata, ko da yana zuwa yana tafiya, ba na jiƙo ba ne ko kanwa. Na hoton ciki ne da likitan fiɗa, a ranar.

A Ingila ƙa'idar hukuma ita ce asibitin da ya yi aikin ya ci gaba da duba mutum aƙalla shekara biyu, daga nan kuma a riƙa auna jininsa sau ɗaya a shekara muddin yana raye. Duk da haka 'yan ƙasar da suka gaji da jiran layi sukan tafi Turkiyya inda ya fi araha, kuma a 2023 gidan rediyon BBC ya ba da labarin cewa bakwai daga cikinsu sun mutu tun daga 2019. Su ma ke nan da suke da asibitin gwamnati mai karɓarsu kyauta in sun dawo da matsala.

Ɗan Nijeriya da ya yi irin wannan tafiya, kuɗin da dillali ya karɓa yawanci na jirgi ne da masauki da aikin kansa. Awon jini na wata uku da wata shida da shekara ba ya cikin lissafi. Likitocin fiɗa suna ba da shawarar a nemi likitan da zai karɓi jinyar a gida tun kafin a sayi tikiti, a kuma dawo da cikakken rahoton aikin cikin Turanci, wanda ya faɗi irin tiyatar da aka yi da ranar da aka yi ta. Ƙaramar takarda mai ɗauke da wannan bayani ya kamata ta zauna cikin aljihu tare da katin shaida, kuma wani a gidan ya san inda take, domin likitan da ke aikin dare a babban asibitin gari ba abin da zai gani a cikin mutum sai 'yan tabo huɗu ko biyar, kowanne bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.