Tsutsa mai jijiya 302

Ƴan'uwa manoma, duk mai noman albasa a Galmi ko a garakan Ƙonni ya san tana. In ka taɓa ta da tsinke, sai ta janye jiki nan take. Ba ta da ido, ba ta da kunne. To, wa ya gaya mata ta gudu?

Masana sun nemi amsa wurin wata tsutsa da ta fi tana ƙanƙanta. Sunanta C. elegans. Tsawonta milimita 1 ne. Dangin kurkunu ce, amma ba ta cutar mutum. Ƙwayoyin jijiyarta 302 ne kacal, alhali na ƙwaƙwalwar mutum sun kai miliyar 86.

A Kambirij ta ƙasar Ingila, John White da Sydney Brenner da abokan aikinsu sun yanka ta sala-sala, suka bi kowace jijiya. Sun fi shekara 10 suna wannan aiki. A 1986 suka fitar da taswirar jijiyoyin.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyi 6 ne ke jin taɓi mai sauƙi. In an shafi gabanta da gashin gira, sai su aika saƙo ga jijiyoyin tsakiya, su kuma su umurci tsoka, sai ta ja da baya. In wajen wutsiya aka shafa, sai ta yi gaba. Da aka kashe ƙwayoyin nan, ko an shafe ta ba ta kulawa.

A 2014 an zuba taswirar cikin kwamfuta, aka haɗa ta da wata ƴar mota ta wasan yara. Da ta ci karo da bango, sai ta ja da baya, ba wanda ya koya mata. Amma kada mu yi gaggawa. Taswira tana nuna hanya, ba ta faɗin yawan kayan da ke bin ta. Har yanzu kwamfuta ba ta kwaikwayi tsutsar duka ba.

Ina amfaninmu? Makiyayan Illela, maganin tsutsar ciki da ake kira lebamizol yana kama wurin da jijiya ke haɗuwa da tsoka. Tsutsa ta sandare, ta fita cikin kashin tunkiya. In an rage awon magani, masu taurin rai su tsira, su hayayyafa. Ku tambayi likitan dabbobi awon da ya dace da nauyin dabbarku.