Ɗa Na Kowa Ne: Renon Ƙananan Yara a Gwandu da Kalgo

Baƙon da ya shiga gida mai ƙananan yara a Gwandu ko a Kalgo da hantsi, da wuya ya gane wace ce uwar wane. Jaririn da ke kuka yana bayan wata yarinya 'yar shekara tara. Mai rarrafe yana cinyar tsohuwa, tana ɗura masa kunu da ludayi. Wadda ta haife su kuwa tana gindin turmi ko gaban murhu, kuma idan ɗan fari ne, mai yiwuwa ko kallonsa ba za ta yi ba a gaban surukai. Wannan ba sakaci ba ne. Tsari ne da aka gada, wanda ya raba nauyin reno a kan mutanen gida gaba ɗaya.

Garuruwan biyu suna cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi da aka yanko daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Gwandu tana gabas da Birnin Kebbi, ƙasar tudu ce ta gero da dawa da wake, kuma a nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana riƙe da yammacin Daular Sakkwato har ya rasu. Kalgo tana gab da Birnin Kebbi, kusa da fadama, inda shinkafa ke da daraja rani da damina. A 'yan shekarun nan ta samu mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da babban asibitin jiha, sai ma'aikata da ɗalibai suka shigo da irin nasu zaman, na miji da mata da 'ya'yansu a gidan haya. Amma a cikin gari da ƙauyuka, babban gida ne har yanzu ya fi yawa: zaure, tsakar gida, sassa na 'ya'ya maza da matansu, da ɗakin tsohuwa wanda yara suka mayar fadarsu.

Reno yana farawa tun kafin haihuwa. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a hannun mahaifiyarta. Ranar bakwai a raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi wa jariri aski. Daga nan mai jego ta ci gaba da wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma har kwana arba'in, ana ba ta kunun kanwa da gasasshen nama don ta murmure. Akwai hikima babba a cikin wannan al'ada, domin ta tilasta wa gida ya ɗauke wa mace aiki a lokacin da jikinta ya fi bukatar hutu, abin da matan manyan birane da yawa ke nema su rasa. Sai dai akwai gyara. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura cewa yawan kanwa da tsananin zafin wanka da na gadon da ake hura wa wuta a ƙarƙashi suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Haka kuma nonon farko mai kauri, wanda wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar, shi ne ya fi kowanne kare jariri daga cuta. Duk waɗannan abubuwa, ba mai jego ke yanke hukunci a kansu ba. Kaka ce.

Kunyar ɗan fari, wadda ta yi ƙarfi a wannan yanki mai tushen Fulani, ita ma tana ƙara miƙa yaro ga wasu hannaye. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a bainar jama'a. Sai kaka ta cike gurbin da wasan jika: ta kira namiji mijinta, ta kira mace kishiyarta, ta ɓoye masa ƙuli-ƙuli, ta hana a doke shi. Goggo kuma takan ɗauki ɗan ɗan'uwanta riƙo, ya girma a ɗakinta har aure.

Amma wanda ya fi kowa ɗawainiya, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne yaya. Yarinyar da ba ta gama mallakar hankalin kanta ba ta iya ɗaura zani da majanyi, ta san kukan yunwa da na barci, ta san inuwar da za ta zauna. Da ƙanenta a baya take zuwa ɗibar ruwa, da shi take zuwa niƙa, da shi take tallan gyaɗa ko fura. Babban ɗan Gwandu ma ta wannan hanya ya bi, ko da yake ta fuskar ilimi: Malam Abdullahi ya faɗa a littafinsa Ida'un Nusukhi cewa mahaifinsa ne ya karantar da shi Alƙur'ani, sannan yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi a hannun wansa, Shehu Usmanu. Abin da ke damuna a nan shi ne farashin da yaya mace ke biya a yau. An ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato tun 1999, amma yarinyar da ke da goyo da hantsi ba ta aji da hantsi. Gidan da ya tsara aikinsa yadda za a karɓe mata goyon na 'yan sa'o'i, ya yi mata abin da gwamnati ba za ta iya yi mata ba.

Yinin yaro yana da tsari ko da ba a rubuta ba. Da safe koko ko ɗumamen tuwo, da rana fura, da dare tuwon dawa ko na shinkafa da miyar kuka. A Kalgo, inda mata ke dafa shanshera su shanya kafin a kai inji, korar kaji da awaki daga shanya shi ne aikin farko da ake ba ɗan shekara uku. Yana kai huɗu ko biyar a yanko masa allo, ya bi yayyensa makaranta. Gaisuwa kuwa tun yana tangaɗi ake koya masa ita. “Durƙusa ka gaida Baffa,” in ji uwa, kuma ba za ta bari ya wuce ba sai ya yi. 'Yan mata su yi 'yar tsana da karan dawa, maza su ƙera mota da gwangwani, da dare a yi gaɗa ko a nemi tsohuwa ta yi Gizo da Ƙoƙi, in wayar wani ba ta riga ta tara su ba.

Yaye shi ne mashigi mai haɗari. Yaro na kusantar shekara biyu, sai a kai shi gidan kaka rana ɗaya, nono ya yanke. Idan abin da ya maye gurbinsa kunu ne tsararo, babu gyaɗa, babu wake, babu ɗan kifi ko ƙwai, cikin 'yan watanni sai a ga gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Tamowa ke nan, kuma sau da yawa ba rashin hatsi ke kawo ta ba, rashin haɗi ne.

In yaye ya faɗo a damina, wahalar ta ninka. Rumbu ya yi ƙasa, manya suna gona, ruwa ya kwanta a fadama da kududdufai, sauro ya samu gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi, adadin da ya fi na kowace jiha. A Legas kashi 2 ne. Shi ya sa ake bi gida-gida a watannin damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya. Kowane zagaye na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko a gabansa, ya bar na sauran kwana biyun a gida. A watan Disamba na 2024 kuma aka fara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a Nijeriya, aka soma da Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yin ta, a wata 5 da 6 da 7, ta ƙarshe sai a wata 15.

A lura da inda nasarar waɗannan abubuwa ta rataya. Wa zai tuna da maganin rana ta biyu? Wa zai tuna da allurar da ke zuwa bayan wata takwas? Idan an yi wa uwa bayani a asibiti, ta dawo gida tsohuwa ta ce ciwon shawara ne ko mayankwaniya, a jiƙa saiwa, maganar tsohuwa ce za ta ci. A ganina duk mai son lafiyar yaran nan, da kaka ya kamata ya fara zama. Ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jagororin ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, domin su ne ke shiga kowane gida a saurare su.

Saura maigida. Shi ke kawo cefane, shi ke ba da izinin fita, kuma a gidaje da yawa ba a kai yaro asibiti sai ya ce a kai. Da can idan ya tafi cin rani kudu bayan girbi, yaro kan kwana biyu yana zafin jiki ana jiran wan miji ko suruki ya yi magana. Yanzu wayar hannu ta rage wannan jira: matar ta kira, ya ce a tafi, ya turo kuɗin a cira wurin mai POS, a tare ɗan acaɓa. Noman rani na shinkafa kuma ya sa magidanta da dama a gefen Kalgo sun daina tafiyar ma gaba ɗaya, suna kwana a gida duk shekara.