Shin Ko Kun San? Tsawon Lokacin Rabuwar Ƙwayar Halitta

Shin ko kun san ƙwayar halittar jikin mutum da ake reno a ɗakin gwaji takan ɗauki kusan awa 24 kafin ta zama biyu, amma ainihin rabuwar, wadda masana ke kira maitosis, kimanin awa ɗaya take ci? Sauran awa 23 duk shiri ne. Kwafar sinadarin gado na DNA kaɗai tana cin kusan awa 8.

Awa ɗayan nan ma ba raba daidai aka yi mata ba. Furofes, matakin farko, shi ke kwashe kaso mafi tsoka, kuma da dalili: zaren DNA na ƙwaya guda ya kai tsawon mita 2, dole a naɗe shi tsaf, kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro, har kuromosom 46 su fito fili. A metafes sukan yi sahu a tsakiyar ƙwayar, kuma ba ta ci gaba sai kowannensu ya ɗauru da igiyoyin da za su ja shi. Ni wannan jiran ya fi burge ni, domin kuromosom ɗaya tak da bai ɗauru ba ya isa ya tsayar da aikin. Anafes kuwa, inda ake janye su gefe biyu, mintuna kaɗan ne, shi ne mafi gajarta. Telofes ya rufe.

Bajamushe Walther Flemming ne ya raɗa wa rabuwar sunan maitosis a 1882, daga kalmar Girkanci mai nufin zare.

Shin ko kun san maganin sankarar jini da ake kira binkiristin, wanda aka samo daga wani fure ɗan asalin Madagaska, a metafes yake tsayar da ƙwayoyin cutar?

Da saiwar albasa ake iya auna lokacin da kowane mataki ke ci, ba da agogo ba. A yanki bakin saiwar, a rina, a ɗora a madubin maikuroskop, a ƙirga. Matakin da aka samu ƙwayoyi da yawa a cikinsa shi ne mai daɗewa, wanda ya yi wuyar gani shi ne mai saurin wucewa. Malaman kimiyya a makarantun sakandare, ga albasa nan a kasuwa, ku bar ɗalibai su ƙirga da idonsu.