Burkutu

Burkutu, wanda wasu ke rubutawa burukutu, nau'in giya ne na gargajiya da ake dafawa da tsiron dawa, wani lokaci a surka da gero ko masara. Launinsa ja ne mai duhu, yana da kauri da tsami, kuma ba a tace shi sosai, shi ya sa tsaki kan kwanta a gindin ƙwarya. Ƙarfin mayensa yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Ana dafa shi a Najeriya da Nijar da Benin da Gana da Kamaru, kuma kusan ko'ina sana'ar mata ce da 'ya ke gada daga uwa. A Jihar Kebbi an fi saninsa a kudu, wato ƙasashen Zuru da Yawuri. Musulunci ya haramta shan sa, don haka a mafi yawan ƙasar Hausa a yau sana'ar ta koma bayan gari.

Suna

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage. "Giya" ita ce uwa, ta haɗa duk abin sha mai bugarwa. "Barasa" an fi jingina ta ga ta kwalba da ta bature. "Bammi" ruwan itace ne da ake tara daga kwakwa ko giginya ko tukurwa, ba ya buƙatar wuta. Burkutu kuwa na hatsi ne, kuma aikatau ɗin da ke tafiya da shi "dafa" ne: ana cewa ta dafa burkutu, kamar yadda ake cewa ta dafa tuwo. Ƙanensa shi ne pito, wanda aka fi tacewa, ya fi ruwa-ruwa da ɗan zaƙi, kuma ya fi yaɗuwa a arewacin Gana.

Maƙwabta suna da nasu sunayen ga abin da kusan ɗaya ne: dolo a Mali da Burkina Faso, cukutu a Benin da Togo, capalo a Kwaddibuwa, bilbil a arewacin Kamaru da Cadi. A biranen Najeriya matasa sun gajarta shi zuwa BKT. Kalmar giya ta zauna daram a bakin Bahaushe, har wanda bai taɓa ganin tukunyarta ba yakan ce giyar mulki ta bugar da wane, ko ya tambayi mai shirme ko giyar wake ya sha.

Yadda ake dafawa

Aikin yakan ci mako guda ko fiye, kuma rabinsa a kan tsiro yake tafiya. Ana jiƙa dawa, galibi ja, ta kwana a ruwa. Sai a tsame ta a baza a kan tabarma ko daɓe a inuwa, a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa ruwa ana juyawa har kwana huɗu ko biyar. A wannan lokaci ƙwayar takan yi zaton damina ta faɗi, sai ta fara sakin sinadaran da ke narkar da sitacin cikinta zuwa sukari domin ciyar da tsiron. Mai dafawa tana katse wannan tafiya ne a tsakiya: ta shanya tsiron a rana, ta murje saiwoyin, ta kai niƙa. In ta yi gaggawa sukari ba zai fito ba, in ta makara tsiron ya cinye shi.

Ana dama garin da ruwa a bar shi ya kwanta. Nan ne dabarar da ta bambanta giyar dawa da ta sha'ir take. Sitacin dawa ba ya nuna sai da zafi mai yawa, zafin da zai kashe sinadaran da ake buƙata. Saboda haka sai a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa guggubin ƙasa shi kaɗai har ya yi kauri kamar kunu, sannan a mayar masa da ruwan da aka ajiye. Masana kimiyyar abinci sun bayyana dalilin wannan daga baya, amma mata sun daɗe suna yinsa ba tare da ma'aunin zafi ba.

Haɗin yakan kwana ya yi tsami, aikin bakteriya irin waɗanda ke mayar da madara nono. Kashegari a sake tafasa shi na sa'o'i a manyan tukwane ko duro, a sauke ya huce, a zuba masa ragowar guggubin dahuwar da ta gabata. A cikin wannan ragowa yis yake, musamman Saccharomyces cerevisiae, irin wanda ke kumbura burodi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ana tsiyayewa a sayar yana kan kumfa. Wasu kan ƙara garin rogo don ya yi auki, abin da mashaya na da ke ɗauka a matsayin ha'inci. Dusar da ta rage abincin aladu da kaji da awaki ce.

Burkutu ba ya ajiyuwa. Tun da ba a kashe ƙwayoyin cikinsa ba, yana ci gaba da aiki a cikin randa: da safe yana da sauran zaƙi, da yamma ya yi ƙarfi, bayan 'yan kwanaki ya koma ruwan tsami da ba ya shawuwa. Wannan ne ya tsara sana'ar gaba ɗaya. Ba a dafa shi sai an san ranar sha, wato ranar kasuwa ko biki ko gayya, kuma a wasu garuruwa matan unguwa kan raba ranaku a tsakaninsu don kada su karya wa juna ciniki.

Tarihi a ƙasar Hausa

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke kewaye da Barbushe a gindin Dala kafin zuwan Bagauda, kowa da sana'arsa. A cikinsu akwai maƙeri da mai magani, akwai kuma Bugazau, mai dafa giya. Sanya shi a wannan jeri ya nuna matsayin da sana'ar take da shi a wancan zamani.

Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau, da Arnan ƙasar Maraɗi, sun riƙe wannan al'ada har ƙarni na 20. A wurinsu giya tana cikin biyan gayya, da auren fari, da zaman makoki, da zuba wa iskoki a gindin tsafi. Joseph Greenberg, wanda daga baya ya shahara da rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma fitar da littafi a kan addininsu a 1946. Ga matan Maguzawa dafa giya hanya ce ta mallakar kuɗin kai, ba na miji ba.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ya sauya lissafin. Haramcin giya yana cikin Alƙur'ani, a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma hukuncin mashayi a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Gwandu, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana riƙe da yammacin daular, ta zama ɗaya daga cibiyoyin wannan tsari. A tuddan Zuru kuwa, inda ikon daular bai kafu ba, Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, sun ci gaba da dafawa, haka ma Kambari da Dukkawa. Har yau burkutu yana fitowa a bikin Uhola na kaka da kuma ranakun aikin gona na taro.

Turawa sun zo da nasu hani. Yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta taƙaita shigo da barasa mai ƙarfi cikin babban yanki na Afirka, kuma bayan 1900 gwamnatin Lugga ta hana sayar wa 'yan ƙasa ita a Arewa. Wannan ya bar wa giyar gida fili a barikokin soja da Sabon Gari da sansanonin ma'aikatan kuza na Jos. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991, ta bi sahu a 2000. Hukuncin bulala Musulmi ya shafa, amma takura sayarwa ta taɓa kowa, kuma mafi yawan waɗanda abin ya faɗa wa mata ne da ke biyan kuɗin makaranta da kuɗin tukunya.

'Yan uwansa na halas

A ƙasar Gwandu da Kalgo, a ƙauyuka irin su Wurogauri, abin shan yau da kullum fura da nono ne da kunu da zoɓo. (Sunan Wurogauri kansa yana da kamar haɗin kalmomin Fulfulde biyu, wuro, mazauni, da gawri, hatsi.) Sai dai dabarar tsiro ba ta ɓace ba. Mai kunun zaƙi tana zuba niƙaƙƙen tsiro ko ɗanyen dankali a cikin dafaffen ƙullu ta bar shi ya kwana, kuma abin da ke sa kunun ya saki ya yi zaƙi shi ne aikin da ke faruwa a tukunyar burkutu kafin a zuba yis. Kunun ya tsaya a nan ne. Ita ma mai kunu ta san iyakar, domin kunun da ya kwana biyu a zafi ya fara kumfa ba a sayar da shi, zubarwa ake yi.

Abin da ake ci da shi

Ana shan burkutu a ƙwarya ko ƙoƙo, a zaune a kan benci, sau da yawa ƙwarya ɗaya tana zagaya mutane. Saboda kaurinsa manoma da yawa kan ɗauke shi rabin abinci. Abin da ke raka shi galibi mai yaji ne da maiƙo: farfesun kayan ciki, tsire, gasasshen kifi a bakin kogin Kwara, soyayyar gyaɗa da ƙuliƙuli, naman alade a inda ake cinsa. Tsamin yana yanke maiƙo, yaji kuma yana kiran ƙishi, wanda hakan ya yi wa mai sayarwa daidai.

Irin wannan lissafi ne Italiyawa ke yi da giyar inabinsu. A yankin Emiliya-Romanya ana shan Lambrusco mai tsami da kumfa da nama mai kitse, kuma kusan kowane yanki yana da inabin da ya dace da abincinsa. Can ma sana'ar ta iyali ce a asali, kuma akwai ire-iren inabi da suka kusa ɓacewa. Timorasso na tuddan Tortona misali ne: wani manomi, Walter Massa, ya farfaɗo da shi a shekarun 1980 bayan kusan kowa ya tuge nasa. Bambancin yana wurin ajiya da doka. Giyar inabi tana shekaru a kwalba, tana tafiya ƙasashe da sunan gidan da ya yi ta a jiki, kuma tun 1963 Italiya ta kafa tsarin DOC da ke kare sunan yanki da hanyar yi. Burkutu ba ya wuce tafiyar yini, don haka sunan gwanar dafawa ba ya wuce kasuwar garinsu, kuma yis ɗin gidanta, wanda wataƙila ya daɗe yana bin dahuwa zuwa dahuwa, yakan mutu ranar da ta daina.

Lafiya

Illar maye ɗaya ce ko daga ƙwarya ko daga kwalba: hanta, haɗarin hanya, da kuɗin cefane da ke ƙarewa a mashaya. Burkutu yana da wasu haɗura nasa na daban. Tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid, ita ce gubar da ke kashe shanun da suka ci gyauron dawa, abin da kowane makiyayi ya sani. Murje saiwoyi da doguwar tafasa su ke rage ta, saboda haka dahuwar gaggawa ba ta da aminci. Hatsin da ya yi fumfuna yana iya kawo gubar afalatoksin mai lalata hanta. A kudancin Afirka likitoci sun danganta taruwar sinadarin ƙarfe a jiki da shan giyar gida da aka dafa a duron ƙarfe. Mutuwar mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015 ba ta burkutu ba ce, ta ogogoro ce, wato barasar da ake turarawa, wadda aka samu gubar metanol a cikinta.

Dawa a masana'anta

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda kamfanonin giya na Najeriya suka dogara da shi. Dole ta sa suka juya ga dawa, suka ci karo da matsalar zafin sitaci da masu burkutu suka daɗe da warwarewa. Irin dawa SK5912, gajerar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar, yana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Ko bayan ɗage hanin kamfanonin ba su saki dawa ba, kuma tsironta yana shiga lemunan malt marasa maye irin su Maltina da Malta Guinness, waɗanda ake rabawa a ɗaurin aure da walimar sauka a Birnin Kebbi da Gwandu.