Shin Ko Kun San? Cuta Ma Tana da Taswira

Shafinmu na yau na 'yan ajin kimiyya ne, musamman ƙannenmu na Lamorde da sauran unguwannin Mubi waɗanda suka ƙudiri aniyar zama likitoci.

Shin ko kun san hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ba ta yi wa mai neman karatun likita tambaya ko ɗaya a kan labarin ƙasa? Darussa huɗu take so: Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, maki 400 gaba ɗaya. A takardar WAEC ko NECO kuwa kiredit biyar ake nema, wato waɗannan huɗun da lissafi, kuma jami'o'i da dama suna son a same su a zama ɗaya. Shi ya sa da yaro ya shiga aji biyu na babbar sakandare sai ka ji yana cewa, "Ai jogarafi ba ya cikin darussana," ya tura littafin ƙarƙashin benci. A ganina wannan babbar asara ce. Jarrabawa ba ta neman darasin, amma aikin likita yana nemansa kullum, kuma ɗan Mubi ya fi kowa dalilin sanin haka.

Shin ko kun san kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi ba ya zuba a Binuwai? Yawancin kogunan Adamawa Binuwai suke nufa, daga nan su haɗu da Neja a Lokoja su gangara teku. Shi kuwa Yedzaram daga duwatsun Mandara yake tasowa ya miƙe arewa, ya bi ta wajen Uba da Bama, ya nufi kwarin Tafkin Chadi. To, a kwarin wannan kogi ne, arewa da Mubi, garin Lassa yake, cikin ƙaramar hukumar Askira/Uba ta Jihar Borno.

A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Laura Wine, ta kwanta da zazzaɓi a asibitin mishan na Lassa, na cocin da a yau muka sani da EYN. Maganin maleriya bai yi mata komai ba. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, can ta rasu. Biyu daga cikin masu jinyar da suka kula da ita suka kamu. Ɗaya ta rasu, ɗayar, Penny Pinneo, aka kai ta birnin New York ta rayu. A Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar, kuma shi kansa mai binciken, Jordi Casals, sai da ya kamu, aka yi masa magani da ruwan jinin Pinneo. Daga baya, a Saliyo, aka gano mai ɗauke da ita: wani ɓeran gida da gona mai nonuwa da yawa, wanda ke barin fitsari da kashi a kan hatsi. Cutar ta fi tashi da rani, kuma a yanzu ta fi yawa a jihohi irin su Ondo, Edo, Bauchi da Taraba. Duk ɗalibin likita a duniya yana haddace sunan Lassa. Ku kuwa kuna iya shiga mota daga tashar Mubi ku je ku ga garin da idonku.

Shin ko kun san da taswira aka fara kama kwalara? A 1854 annobar ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Dokta John Snow ya bi gida-gida, ya sa alama a taswira duk inda aka yi rashi, sai ga alamomin sun yi cincirindo a kewayen famfo guda na titin Broad. Aka cire hannun famfon. Sai bayan kusan shekara 30 Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar cutar a 1883 zuwa 1884. Mutanen Mubi ba su manta da watan Mayun 2018 ba, lokacin da amai da gudawa ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Tambayoyin da ma'aikatan lafiya suka riƙa yi a lokacin su ne dai irin na Snow: daga wace unguwa? Ina kuke ɗibar ruwa? Wa ke kawo muku? Ina shaddar take, ina rijiyar take, kuma ina gangaren ya nufa? Wannan tambaya ta ƙarshe malamin labarin ƙasa ne ke koyar da ita, ranar da yake fama da ku a kan layukan tudu da kwari.

Ga ta kemistiri a gefe: ruwan gishiri da sukari, wanda ya ceci rayukan masu amai da gudawa bila adadin, lita ɗaya ce ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sirrinsa shi ne hanji yana jan gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya biyo su.

Shin ko kun san sanƙarau yana da yankinsa? Wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana shi a 1963: wani zirin ƙasa kudu da Sahara, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, kuma arewacin Nijeriya yana tsakiyarsa. Cutar tana tashi ne idan hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta yi yawa, ta tsananta da zafin bazara, sa'an nan ta lafa da zarar ruwan sama ya sauka. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso a 2010 ta karya lagon nau'in da ya fi addabarmu, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Likitan da ya san kalandar iska da ruwa, idan aka kawo masa yaro mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya a watan Maris, ba ya ɓata lokaci.

Shin ko kun san taswirar sikila da ta maleriya kusan ɗaya ce? Anthony Allison ne ya nuna haka a Gabashin Afirka a 1954: mai jinin AS yana da kariya daga maleriya mai tsanani, don haka inda sauro ya yi yawa, nan wannan jini ya yaɗu. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 25 cikin 100 na zuwa da SS. A lura, kowane ciki aka ce, domin da yawa suna zaton idan na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Ku da kuka yi darasin gadon halitta a bayoloji, ku taimaka ku fahimtar da yayyenku kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Akwai kuma Denis Burkitt, likitan fiɗa a Uganda, wanda a 1958 ya ba da bayanin wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara. Ya zagaya asibitocin Gabashi da Kudancin Afirka a mota yana tambaya, ya ga ciwon ba ya hawa tuddai masu sanyi, ba ya son busasshiyar ƙasa, sai inda ke da ɗumi da ruwan sama, wato gidan maleriya. Bin wannan sawu ne ya kai ga gano ƙwayar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Ga wasu a gurguje. Tsargiya tana bin ruwan da ke kwance, inda dodon koɗi ke zama. Makantar bakin kogi kuwa ruwa mai gudu take bi, domin a can baƙin ƙudan da ke yaɗa ta yake hayayyafa; a Janairun 2025 Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da ita. Maƙoƙo ya fi yawa a ƙasashen tudu da ruwa ya wanke sinadarin aidin daga ƙasarsu, shi ya sa ake zuba shi a gishiri. Kurkunu ya kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya a 1988. Da tace ruwan tafki da haƙa rijiyoyi aka kore shi, ba da allura ba, aka ba mu takardar shaida a 2013. Saran kububuwa ya fi yawa a lokacin shuka da girbi, kuma ba banza ba asibitin da ya shahara da maganinsa yake Kaltungo ta Jihar Gombe, ƙasar duwatsu da ciyayi.

Shin ko kun san dutse ma yana kisa? A 2010 aka lura yara suna mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. An zaci maleriya, an zaci sanƙarau. Ashe duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida don neman zinariya cike suke da dalma, ƙurarsu tana shiga abinci da bakin yara. Yara fiye da 400 suka rasu. Magani shi kaɗai bai wadatar ba, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Abin da ke ƙona mini rai a wannan labari shi ne, tambaya ɗaya ce ta buɗe shi: wace sana'a ake yi a gidan nan, kuma daga wane rami aka haƙo dutsen?

Shin ko kun san Mubi ba ta cikin Nijeriya ranar 1 ga Oktoban 1960? Jamusawa ne suka fara mulkinta a matsayin yankin Kamaru, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Ingila a riƙon amana. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 jama'ar Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, suka shigo ranar 1 ga Yunin 1961, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Iyakar tana nan kusa, ta wajen Sahuda. Mutane da shanu suna ƙetare ta kullum, kuma ƙyanda ko kwalara ba sa tsayawa a shingen kwastan. Mai aiki a asibitin Mubi zai ga marasa lafiya daga ƙasa biyu, zai ji Fulatanci, Gude, Fali, Margi, Higgi da Hausa a layi guda. Kasuwar shanun Mubi kuma tana tuna mana cewa tarin fuka na shanu yana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba. Likitan dabbobi ma mai tsaron lafiyar mutane ne, kuma Jami'ar Maiduguri tana koyar da wannan fanni.

Shin ko kun san Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya haɗa fannonin nan biyu, magani da labarin ƙasa? Ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ya bayyana ƙasashen Sudan a littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma daga fadarsa Bature Hugh Clapperton ya samu taswirar yankin a 1824. Likitan zamani na farko daga Arewa, Dokta Barau Dikko na Wusasa, a Birmingham ya yi karatu, kuma sunansa asibitin koyarwa na Jihar Kaduna yake ɗauke da shi. Daga Adamawa kuwa akwai marigayi Farfesa Jibril Aminu, ɗan Song, likitan zuciya, wanda ya gama Ibadan a 1965 ya kuma shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985. A zamaninsa sai an tafi Ibadan. Yau ga Maiduguri, ga Jami'ar Modibbo Adama a Yola da asibitin koyarwarta. Hanyar dai doguwa ce: shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta horon asibiti, shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka kada wanda ya ji maganata ya sassauta wa kemistiri da fiziks. Su ne ƙofar. Ga 'yan mata kuma ina da roƙo na musamman: akwai iyayenmu mata a ƙauyukan Mubi da ke jinkirta zuwa asibiti har abu ya ɓaci, don kawai ba su samu mace da za ta duba su ba.

Shin ko kun san da taswira aka ƙarasa yaƙi da shan-inna? Shekaru ana allura ana tsallake ƙauyuka da rugage, saboda taswirorin da ma'aikata ke zanawa da hannu ba su nuna su ba. Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan Adam, aka fitar da matsugunan jihohin Arewa ɗaya bayan ɗaya, aka ba masu allura wayoyi masu nuna inda ƙafarsu ta taka, da yamma a duba a ga lungun da aka tsallake. Waɗanda suka yi wannan aiki sun haɗa da masana labarin ƙasa da ba su taɓa riƙe sirinji ba. An ga na ƙarshen masu ɗauke da ƙwayar ta daji a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.